Gangar Baba Ilu a Bayan Katako

Tun da na dawo daga Abha, birnin nan na kan duwatsun Asir, ban sha shayi da daɗin rai ba. In na zauna a gahawar unguwarmu ta Mahjar a nan Jidda, wurin shan shayinmu, sai wani ya jawo kujera: "Lawali, yaya kan dutse? Da gaske ne ana ƙanƙara a can, mu nan muna narkewa?" In na buɗe shagona a Sharafiyya, inda nake ɗinkin kujerun mota, kafin in zura zare a keke wani ya leƙo da fara'arsa: "Mun gan ku a talabijin!" To, ba ku gan mu ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk sanda na fara sai raina ya ɓaci in tsaya a rabi. Yau zan faɗe shi daga tushe har ƙarshe, kowa ya ji da kunnensa.

Mu huɗu muka tashi a tsohuwar wanet ɗina, wato a-kori-kura. Na farko shi ne Baba Ilu, mutumin Mirriya, wanda ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba. Gadi yake yi a wani gidan haya a Aziziyya, amma duk kudancin Jidda da ganga aka san shi. Ku da kuka san mizmar, rawar sandan nan ta mutanen Hijaz da maza ke shiga fili biyu-biyu suna juya gora, kun san babbar ganga ce ke riƙe da kowa. Shekara arba'in wannan gangar tana hannun Baba Ilu. Na biyu Faisal, shugaban 'yan rawar, jikan Bakatsine ne amma haihuwar Jidda, kuma yana da tabi'iyya, ɗan ƙasa ne cikakke. Baba Ilu ne ya koya wa mahaifinsa riƙon sanda, shi ya koya masa shi ma. Na uku Idrisa, mutumin Cadi, wanda zai yi mana girki. Ni ne direba. Sauran 'yan rawar, su goma sha biyu, duk 'yan ƙasa, sun riga mu tafiya a bas.

Faisal ne ya kawo maganar. Wai ana bikin bazara a kan duwatsun Asir, kowane yanki zai kawo wasansa na gargajiya, kuma an gayyaci 'yan mizmar na Jidda. Da Hausarsa mai tsalle-tsalle ya ce da Baba Ilu, wanda yake kira ammi, wato baffa, "Ya ammi, wannan karon duniya za ta gan ka. Talabijin, jarida, kullu shai, komai da komai. Masauki ma shaƙƙa ce, ɗakuna a bene, da gado da ruwan zafi." Tsoho ya yi murmushi kawai. Amma washegari ya aiko mini da farin tobensa, doguwar rigarsa ta Juma'a, in kai wa mai guga, ya kuma sa aka sake wa gangarsa fata.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar gaɓar teku. Babu abin gani, yashi ne da gishiri da zafin da ke shigowa ta taga kamar an buɗe tanda. Muka wuce Lis, muka ci kifi da jar shinkafa a Ƙunfuda. Idrisa ya yi ta kushe girkin, yana cewa in muka isa zai nuna mana yadda ake dafa abinci. Bai isa ba.

A wani shingen bincike gaba kaɗan aka tsayar da mu. A lokacin, mai iƙama, wato baƙo mai katin zama, ba ya barin yankinsa sai da takardar kafili, ubangidan da ya tsaya masa. Ni ina da tawa, Baba Ilu yana da tasa. Idrisa kuwa, da ya tambayi Faisal tun muna Jidda, cewa ya yi masa, "Ma fi mushkila, ba matsala, takardar biki ta rufe kowa." Askar, wato jami'in shingen, ya karɓi takardar bikin ya duba sama ya duba ƙasa, ya ce babu sunan Idrisa a ciki. Ba zan ɗora wa askar ɗin laifi ba, aikinsa ya yi, har ruwan sanyi ya ba Baba Ilu. Awa uku muna tsaye a rana Faisal yana kai da kawowa da wayarsa a kunne. Daga ƙarshe aka ce Idrisa ya hau motar da ke komawa Jidda. Ya sauke jakarsa da buhun kayan girkinsa, ya juya wa Faisal baya, ya dubi Baba Ilu ya ce, "Baba, ku yafe ni." Da muka ci gaba na ce wa Faisal, "Nuna mini takardar nan." Ya ninke ta ya tura aljihu, ya ce, "Halas, ya isa haka ya Lawali, tuƙa mana." Da na nace a ranar, da na ga cewa sunana da na Baba Ilu ma ba sa ciki.

A Muhayil, gindin dutse, muka tsaya shan mai. Nan na ga abin da ya sa na manta da fushina na ɗan lokaci. Ƙartan maza, da wuƙa a ɗamara da gemu, sun ɗaura rawanin furanni a ka, rawaya da kore, suna sayar da zuma. Na ce wa Baba Ilu a Damagaram namiji ya fito kasuwa a haka, ai sai yara su bi shi da tafi. Ya ce, "Su ma da za su ga ɗan kokawarmu da layu da bante, dariya za su yi. Sayo mana zumar."

Daga nan sai hawa. Hanya ta nannaɗe jikin dutse, ka shiga rami ka fito kan gada, ka leƙa ƙasa ba ka hango ƙarshen kwarin. Wanet ta yi zafi sau biyu. A tsayuwa ta biyu, ina zuba wa lagireto ruwa, sai ga gwaggon biri ya diro bayan mota, ya sunkuci ledar burodi da kilishin da matata ta ɗaure mana, ya hau kan dutse ya zauna yana kwancewa yana kallona. Na ɗauki dutse, Faisal ya ce kul, in na jefi ɗaya ɗari za su sauko. Haka na tsaya ina kallo ana cin kilishina.

Da la'asar muka isa. Sanyi ya tarye mu, hazo yana wucewa ta gabanka kamar hayaƙin girki. Iyalai sun shimfiɗa dardumai a bakin hanya, sun zauna cikin wannan sanyin da butar gahawa, wai hutu suke yi. A garinmu in gari ya yi haka kowa ɗaki yake nema. A nan mutum ya tuƙo mota kwana guda don ya zo ya yi rawar ɗari.

Masaukin da aka yi mana alkawari yana nan, bene mai hawa uku. A ƙofa wani mutum da takarda a hannu yana kiran suna da lambar katin ɗan ƙasa. Aka kira Faisal. Mu ba a kira mu ba. Faisal ya ja mutumin gefe suka yi ƙus-ƙus, ya dawo yana sosa ƙeya.

"Ya ammi, ɗakuna sun cika. Amma akwai haima, tanti mai kyau, a bayan filin. Iska ma ta fi daɗi a can."

Na ce, "To kai fa?"

"Ni dole in zauna da yaran, ya Lawali. Ni ne mas'ul, a wuyana suke."

Na ce, "Tsoho mai shekara saba'in zai kwana a ƙasa, kai ka hau gado?"

Baba Ilu ya dafa hannuna. Ya ce, "Muje mu ga tantin."

Tantin namu ne ma, wanda muka taho da shi don ajiye kaya. Wurin da aka nuna mana kuma kusa da injin wuta ne, mai ruri ba dare ba rana. Da muka warware shi sai muka ga babu turaku. Suna cikin buhun Idrisa, sun koma Jidda. Na ɗaure igiya biyu a jikin mota, ɗaya a wata bishiya, sauran na danne da duwatsu. Ban gama ba sama ta buɗe. Ruwa da ƙanƙara kamar tsakuwa. Gefen tantin ya faɗi, tabarmarmu ta jiƙe. Baba Ilu bai kula da kansa ba, ya cire mayafinsa ya lulluɓe ganga, ya rungume ta ya zauna a gaban mota har ruwan ya ɗauke.

Allah ya haɗa mu da maƙwabta na kirki. Kusa da mu wasu mutanen ƙauyen dutse ne suka kafa tantunansu, su da kansu suka ƙi benen, wai ba sa iya barci a akwati. Babbansu wani dattijo ne siriri, Amm Mufarrih, shi ma makaɗi. Da ya ga halin da muke ciki sai ya aiko da turaku da itace. Da safe ya kira mu karin kumallo, aka ajiye mana arika, gurasa ce da aka murtsuke da dabino, aka kwarara mata man shanu da zuma. Ta tuna mini da gumba, sai dai wannan in ka ci loma biyar sai ka nemi wurin kwanciya. Da rana suka ba mu naman da suka gasa a rami da ganye, yana zamewa daga ƙashi. Larabcinsu ban ji rabinsa ba, su ma namu na Jidda dariya yake ba su. Amma da Baba Ilu ya kawo gangarsa bakin wuta yana gasa fatar don ta ɗame, Amm Mufarrih ya karɓa ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya kai kunne, ya gyaɗa kai. Daga nan suka zauna suna musayar kiɗa, wannan ya buga, wannan ya mayar, har shayi ya huce.

Kwana biyu muna kallon wasannin wasu. Mutanen dutse suna jeruwa kafaɗa da kafaɗa, su ɗaga ƙafa tare su sauke tare, a hankali, wuƙaƙe a sama. Na bakin teku nasu da sauri ne, da tsalle. Abin da ya ba ni mamaki, 'yan kallo suna zaune a kujeru kamar a asibiti, an gama su tafa. Ba mai shiga fili ya yi wa makaɗi liƙi, ba mai guɗa. A gida makaɗi shi ne a tsakiyar fili, sunansa ake fara kira, da na ubansa.

Rana ta uku ita ce tamu. Da hantsi aka kira mu gwaji. A nan na fara ganin Abu Nayif, ɗan kwangilar da ya haɗa wasannin, mutum mai ƙiba da baƙin tabarau da waya biyu. Ya dubi 'yan rawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen raguna. Da ya zo kan Baba Ilu, cikin farin tobensa mai guga, bai yi masa magana ba, sai ya tambayi Faisal.

"Wannan ne tsohon?"

"Shi ne."

"To kamar yadda muka yi. A kai shi baya."

Kamar yadda muka yi. Ashe sun riga sun shirya. A bayan dandalin akwai wani allon katako da aka zana tsofaffin gidajen Jidda a jikinsa. A bayan allon aka ajiye kujerar roba da makirfo. A gaba kuma aka kawo wani saurayi kyakkyawa, ɗan ƙanwar Abu Nayif, aka rataya masa sabuwar ganga da aka cusa wa tsumma a ciki don kada ta yi ƙara. Shi zai riƙa ɗaga hannu a gaban kyamara. Baba Ilu zai buga a ɓoye.

Na je gaban Abu Nayif na ce masa da Larabci, "Me ya sa?"

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Kai wane ne?"

"Direbansa."

"To je ka wajen motarka. Wannan gadon ƙasa ne, 'yan ƙasa ke nuna shi. Ba zan sa mai iƙamar gadi a talabijin a ce shi ne gadonmu ba."

Wallahi ban san sanda na yi taku biyu zuwa gare shi ba. Faisal ne ya riƙe ni ta baya, yana cewa, "Ya Lawali, billahi alaik, za a kore mu duka." Na fizge na koma wurin Baba Ilu. Yana zaune a kujerar robar, ganga a cinya, yana kallon bayan katakon, inda ƙusoshi suka fito.

Na ce, "Baba, ku tashi mu tafi. Mota tana da mai. Su buga da tsummansu."

Ya ce, "A'a."

"To ku fara, in rawa ta yi zafi ku tsaya cak. Kowa ya ga yaron nan yana dukan iska."

Sai ya ɗago ya dube ni, kallon da bai taɓa yi mini ba. Ya ce, "Lawali, ka taɓa riƙe sandar mizmar? Yaran nan goma sha biyu ba idonsu ke gaya musu inda sandar ɗan'uwa take ba, gangar nan ce. In na tsaya a tsakiya, wani zai fasa kan wani. Ni na koya musu. Ba zan yi ba."

Bayan la'asar aka fara. Ban iya zama wuri ɗaya ba. Na tsaya a gefen allon, inda nake ganin gaba da baya. Mai sanarwa ya kira sunan ɗan ƙanwar Abu Nayif, ya ce matashi ne da ya gaji kiɗan kakanninsa. Aka tafa. Sai Baba Ilu ya sauke hannu.

Na sha jin kiɗansa a bukukuwa, amma ban taɓa jin irin na ranar ba. Kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da ya buga sama-sama da na ce ya rama. Bai rage komai ba. Sanduna suna wulwulawa har ba ka ganinsu, Faisal a tsakiya yana juyi kamar ba ya taka ƙasa, mutanen nan masu zaman asibiti suka miƙe tsaye. Yaron gaba yana ta ɗaga hannu yana murmushi, wani lokaci ma yana saukewa bayan sautin ya wuce. A baya kuwa tsoho ne shi kaɗai, gumi yana ɗiga daga gemunsa cikin wannan sanyin, hayaƙin injin wuta yana busowa kansa.

Mutum ɗaya ne a duk filin ya lura. Amm Mufarrih yana layin gaba. Na ga ya ƙura wa hannun yaron ido, ya karkata kai, sai ya tashi ya zagayo da sandarsa. Ya leƙa bayan allon. Ya ga Baba Ilu. Ya tattara zanensa ya zauna a ƙasa kusa da kujerar robar, a kan wayoyin lantarki, ya zauna nan har aka gama.

Da aka watse na sami Faisal a bayan bas ɗinsu yana goge fuska. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

Ya ci gaba da goge fuska.

Na ce, "Tun Jidda ka sani. Ka bar shi ya kai tobe guga."

Ya ce, "In na faɗa masa ba zai zo ba. In bai zo ba, ba mu da wasa. Kai ba ka gane ba, ya Lawali. Kana ganin katin nan ya gama mini komai? Shekara biyar ina roƙo a sa mu a irin wannan. Abu Nayif ɗin nan, in na juya baya, takruni yake kirana, wato baƙar fata bare, ni ma."

Na ce, "Shi ya sa ka nemo wanda za ka tura bayanka."

Ya fara kuka, ko ya yi kamar zai yi, ban tsaya tantancewa ba. Na ce masa ya nemi wuri a bas, motata ba za ta ɗauke shi ba. Har yau ban yi masa magana ba, kuma duk wanda ya aiko ku ku ba ni haƙuri, ku ce masa kun faɗa.

Washegari da safe muka kwance tanti. Na mayar wa Amm Mufarrih turakunsa, ya ƙi karɓa. Ya rungumi Baba Ilu, suka haɗa hanci irin gaisuwarsu, ya sa masa gwangwanin zuma a mota. Muka fara gangara, mu biyu. Ni ina ta zagi, ina zagin Abu Nayif, ina zagin Faisal, ina zagin kaina da na tuƙo shi. Baba Ilu yana gefena. Hannunsa na dama ya kumbura, ya naɗe shi da ƙyalle ya ɗora a cinya, yana kallon hanya.

Sai da muka sauka daga dutsen, zafi ya fara dawowa, sannan ya yi gyaran murya.

"Lawali."

"Na'am, Baba."

"Kai da ka tsaya ta gefe. Ni ban ji komai ba sai injin nan. Ta gaba, kiɗan ya fita da kyau?"

Da ƙyar na ce, "Ya fita, Baba. Mutane har tsaye suka miƙe."

"Ba wanda sanda ta taɓa?"

"Babu."

Ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ya jingina kansa da taga ya rufe ido.

Na gangara gefen titi na kashe mota, don ba na ganin hanya. Na ce masa lagireto ne ya yi zafi.